Keken Shanu Mai Rumfa Daga Kwalin Sabulu

Irin wannan keken ne mutanen Amurka suka yi ƙaura da shi zuwa yammacin ƙasarsu a shekarun 1840, shanu na ja. Yaro zai iya haɗa ƙaraminsa da tarkacen gida.

A samu kwalin sabulu, a yanke samansa. Tayoyi kuma marafan kwalba huɗu ne: biyu manya a baya, biyu ƙanana a gaba. A huda tsakiyarsu da ƙusa mai zafi, amma babba ya yi wannan. Hudar in ta kauce ko kaɗan, keken zai riƙa ɗingishi.

Tsinken tsire ne zai riƙe tayoyin, amma kada a manna shi a jikin kwalin kai tsaye, taya ba za ta juya ba. A manna bututun shan lemo a ƙasa, a zura tsinken ciki. Bututun gaba a sa masa ninkin kwali biyu, in ba haka ba keken zai duƙa.

Rumfar ce kyan abin. A lanƙwasa waya uku a jikin gwangwanin madara, su zama baka iri ɗaya, a soke su a gefen kwalin. A rufa farin ƙyalle, telolin Kasuwar Barci ta Kaduna ba sa rasa guntaye. Ɗinke shi ya fi, gam yana ɓata farin yadi.