Na Fesa Fenti a Bangon Berlin

Bango ba ya daɗewa fari a Berlin. Mai gida zai yi sabon fenti yau, kafin mako ya zagayo wani ya bi dare ya rattaba sunansa a kai. Ƙofar gida, ƙarƙashin gada, akwatin lantarki na bakin titi, har jikin jirgin ƙasa, babu wanda ya tsira. Rabin abin da ke jikin bangon ƙazanta ce tsagwaronta, ba zan yi wa kowa kara ba. Sauran rabin ne ya ja ni har na kai ga sayen gwangwanin fenti da kuɗina.

Baƙi kan fara da East Side Gallery, ragowar Katangar Berlin, wadda a da ta raba birnin gabas da yamma, da ke bakin kogin Spree a unguwar Friedrichshain. Tsawonta mita 1,316. Katangar ta faɗi a 9 ga Nuwamba 1989, a shekarar da ta biyo baya masu zane 118 daga ƙasashe 21 suka raba wannan yanki suka zane shi. A nan zanen Dmitri Vrubel yake, na Brezhnev shugaban Tarayyar Sobiyet da Honecker shugaban Jamus ta Gabas suna sumbatar juna, kuma layi ake yi kafin a ɗauki hoto a gabansa. Na je, na bi layin kamar kowa. Sai dai wurin ya zama gidan tarihi marar rufi, domin abin da ake gani yanzu an sake zana shi ne a 2009. Masu zanen da suka yi kasada tun katangar na aiki, irin su Bafaranshen nan Thierry Noir da ya fara a 1984, ta ɓangaren yamma suka yi nasu, suna yi suna waiwaye, saboda katangar da 'yan takun da ke gabanta duk ƙasar Gabas ce.

Ainihin abin yana tsallaken kogi, a Kreuzberg. Idan kana cikin jirgin ƙasa na layin U1 da ke bi ta sama kusa da tashar Kottbusser Tor, za ka hango ƙaton ɗan sama jannati da Victor Ash ya zana a 2007, ya cinye bangon bene guda. Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na zanen da ban taɓa gani da idona ba ne. A titin Cuvry akwai manyan zane biyu na wani Ba'italiye da ake kira Blu, ɗaya na mutum marar kai yana gyara nakatayel, agogunan zinare biyu a hannuwansa an haɗa su da sarƙa kamar ankwa. Sun yi suna har ana buga su a katin tsaraba. A Disamba 2014, cikin dare, aka shafe su da baƙin fenti, kuma da yardar mai zanen aka yi. Dalilin mai zanen da abokan aikinsa shi ne masu gina gidajen tsada sun fara tallar unguwar da zanen, ga mazauna kuma haya tana korar su ɗaya bayan ɗaya. Suka ga gara su kashe abinsu da hannunsu.

Sai da na nemi ɗaki a garin nan na fahimci zafin abin. Ka je duba gida ka tarar da mutane tun daga ƙofar titi har hawa na uku, kowa riƙe da takardar albashi da shaidar ba a bin sa bashi. Yawancin mazauna Berlin 'yan haya ne, shi ya sa maganar haya ta cika bango. A Satumba 2021 ma mafi yawan masu zaɓe a birnin sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da a karɓe gidaje daga hannun manyan kamfanonin haya. Tun daga nan na daina kallon kala kawai, na koma karanta abin da aka rubuta.

Zanen da na yi kuwa a wani wurin shaƙatawa ne mai suna Mauerpark. Fesa fenti a bangon wani ba izini laifi ne a dokar Jamus, tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ga kuɗin wanke bangon a kanka. Baƙon da ke zaune da takardar izinin zama ba ya wasa da wannan. A Mauerpark akwai dogon bango a kan tudu, bayan filin wasa, inda aka yarda kowa ya zana da rana tsaka. Na sayi gwangwanaye, kowanne wajen yuro huɗu ko biyar, da safar hannu da takunkumi. Mai shagon ya ƙara mini da kawunan feshi iri biyu, mai faɗi na cikewa da siriri na jan layi.

Dagi na zaɓa, irin wanda magina ke yi a fuskar gidajen Zariya da Kano. A takarda abu ne mai sauƙi. A bango kuwa, da gwangwani a hannu, layin da ya kamata ya bi ta ƙarƙashin ɗan'uwansa sai ya narke a cikinsa. Ka matsa kusa fenti ya zubo kamar hawaye, ka ja baya iska ta kwashe rabinsa. Wata mata da ke zane a gefena, ta girme ni nesa ba kusa ba, ta karɓi gwangwanin ta nuna mini cewa kafaɗa ke jan layi, wuyan hannu a tsaye yake, kuma hannu ya fara tafiya kafin yatsa ya danna. Ta tambaye ni ko ƙullin mutanen Ailan ne. Na ce a'a, na gidanmu ne, na nuna mata hoton ƙofar fadar Zazzau a waya. Ta daɗe tana kallo.

Washegari da na koma babu ko alamarsa. Wani ya shafe wurin da ruwan toka ya rubuta sunansa da haruffa masu tsayin mutum. Wani ɗan'uwa ɗan Zangon Kumasi da muke sallar Juma'a tare ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, yuro talatin ka liƙa a bango ka tafi barci?" Yana da gaskiya ta ɓangaren lissafi. Amma haka tsarin wurin yake. A titi, zane a kan zanen wani tsokana ce mai jawo gaba. A bangon da aka halatta kuwa babu mai cewa nan nawa ne, wanda ya gama ya ɗauki hoto ya ba na bayansa wuri.

Ranar Lahadi na yi wannan aiki, kuma Lahadin Berlin sai da shiri. Kantuna a rufe suke, sai ƙananan shagunan unguwa da na manyan tashoshin jirgi, don haka wanda bai yi cefane ranar Asabar ba ya san inda dare ya yi masa. A Mauerpark kuwa ranar ce kasuwar gwanjo ke ci, ga makaɗa a kowane lungu, ga masu fitowa gaban ɗaruruwan mutane su rera waƙa ko da muryar ba ta da daɗi, a tafa musu.

Babban taron shekara a wurina shi ne bikin al'adu na Karneval der Kulturen, da ake yi tun 1996 a ƙarshen makon Fentikos, wani bikin Kiristoci. Ayari bayan ayari, 'yan Brazil da gangunansu, 'yan Bolibiya da huluna masu gashin tsuntsu, motar 'yan Gana da jama'a ke bi a baya suna rawa. Na koyi zuwa da wuri in bar wurin kafin la'asar sakaliya, domin daga nan giya ta fara aiki, cunkoson kuma ba na mai yara ba ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsofaffi masu jan keken cefane suna tsintar kwalabe a bayan ayarin. Robar ruwa senti 25 ce idan aka mayar kanti, kwalbar giya senti 8. Shi ya sa mutanen garin ke ajiye kwalba a gefen kwandon shara maimakon su jefa ciki, don kada mai tsinta ya sha wahalar tono.

Wanda zai gwada fenti ya zo tsakanin Mayu da Satumba. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, gwangwani ya yi sanyi ya ƙi fesawa yadda ya kamata, yatsa kuma ya sandare a kansa. Ka sa tsohuwar riga da takalmin da ba ka jin asararsa, ka tsaya iska na bayanka, kuma ka ɗauki hoton zanenka tun fentin bai bushe ba.