Shafukan ɗanɗano sun kusa wargaza mana ƙungiyar karatu

Har yanzu in na tuna da maganar nan raina sosuwa yake yi, shi ya sa na ce bari dai in rubuta ko masu ƙungiyar karatu irin tamu za su kauce wa ramin da muka faɗa.

Mu a nan Jos muke, duk wata littafi ɗaya muke ɗauka, a yi ta musayar ra'ayi a guruf ɗin WhatsApp sannan Lahadin ƙarshen wata bayan la'asar mu haɗu a wani aji da aka ara mana wajen Bauchi Road. Akwai 'yan jami'a, akwai malaman makaranta, tela, ma'aikaciyar jinya, Musulmi da Kirista duk da Hausa muke hira, sai kuma wata babbar Antinmu da ta girme mu duka wadda ita ce ke zuwa mana da shayi a fulas idan sanyi ya kankama. Ni ce mai rubuta abin da aka tattauna. Da Disamba ta shigo hazo ya rufe gari sai samarin cikinmu suka ce sun gaji da soyayya da tarihi, wannan karon na ban tsoro suke so, wanda mutum zai karanta cikin bargo gashin jikinsa na tashi. Kowa ya ce to.

Kuma fa ba wai da ka muka yi zaɓen ba, mun yi muhawara sosai. Masu son na Turawa suka kawo Dracula na Bram Stoker, na 1897, wanda ake samu kyauta a intanet tunda ya tsufa, aka ce Turancinsa na da ne kuma wasiƙu ne da rubutun kundin sirri, rabin mutane za su yi barci. Wani ya kawo It na Stephen King, da aka ji ya haura shafi 1000 ko minti biyu ba a yi a kansa ba, wa zai gama wannan a wata ɗaya ga aiki ga yara ga rashin wuta. Sannan da yawanmu gaskiya fatalwar Bature ba ta ba mu tsoro, kana karantawa kana cewa to ku tashi daga gidan mana, ko ku yi addu'a. Sai aka juyo na gida, na aljanu da mayu da matsafa. A nan ma mun tsaya mun yi tunani, don aljani a wajenmu ba ƙagaggen abu ba ne, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani, kuma akwai wadda ta fito ƙarara ta ce ita an taɓa yi wa ƙanwarta ruƙiyya a gabanta ba za ta karanta labarin shafar aljanu ba. Aka girmama ta. Aka kuma yi tambayar da kowa ke yi a kan littattafan onlayin yanzu, wato akwai batsa ko babu. Aljanu mun tambaya, batsa mun tambaya, tsayi da kuɗi mun tambaya. Abu ɗaya ne ba wanda ya ɗaga, kuma a garin Jos shi ya kamata ya zo farko.

Wani ƙanenmu ne ya kawo littafin, ba zan faɗi sunan littafin ko mai shi ba don ba tallar faɗa na zo yi ba. Irin waɗanda ake saki shafi-shafi ne, a ba ka na ɗanɗano kyauta, in ya kama ka sai ka tura kuɗi da shaidar biya a saka ka a guruf ɗin waɗanda suka biya. Ya turo mana na ɗanɗanon, kuma wallahi sun yi kyau, ba zan ci haƙƙin alƙalamin ba. Wasu iyali ne suka samu gida mai arha kusa da wani tsohon kududdufin kuza, irin ramukan nan da haƙar ma'adinai ta bari ko'ina a Filato waɗanda tun muna yara ake hana mu zuwa kusa da su, to da daddare sai matar gidan ta riƙa jin ƙaurin hayaƙi alhali ba a hura komai ba, ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki, bangon ɗaki ɗaya kullum da ɗumi ko da sanyin asuba. Ni kaina sai da na kunna fitilar waya na duba bayan labule. Na tambayi ƙanen namu a gaban kowa, ka karanta shi? Ya ce "Yaya wallahi na karanta, tsaf yake, ba batsa ba komai." Aka saka ƙuri'a, ya cinye da rata mai yawa, kowa ya tura ɗari biyar ɗinsa.

Ashe na ɗanɗanon kawai ya karanta. Daidai inda mu ma muka tsaya nan ya tsaya.

Can tsakiyar ɓangaren kuɗin sai labarin ya buɗe asalin hayaƙin. Gidan an ƙona shi ne da mutane a ciki lokacin rikici, kuma ba a taƙaice aka faɗa ba, shafi bayan shafi aka zauna ana zayyana yadda aka datse ƙofa ta waje, jarkar fetur, muryar maƙwabcin da suka sani yana cikin masu ihu, yaran da ke ciki. Har da sunayen unguwanni na gaske. Wanda bai zauna a garin nan ba zai iya cewa ai labari ne, dama tsoro aka nema. Amma mu nan akwai rikicin 7 ga Satumba 2001, akwai ƙarshen Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, akwai Janairun 2010, ga bom ɗin kasuwar Taminus na Mayun 2014, kusan duk wanda ya haura shekara ashirin da biyar a cikinmu ya san ƙarar da ake ji kafin a sa dokar hana fita, kuma ya san dalilin da ya sa unguwannin da da ake cakuɗe yanzu kowa ya koma ɓangarensa.

Anti ta rasa ƙanenta da gidansu a na 2008. Mun sani sama-sama, ba ta taɓa buɗe maganar ba mu ma ba mu taɓa tonawa ba. Da daddare ta iso wajen gobarar a littafin, ita kaɗai a ɗaki. Ba ta ce wa kowa komai ba, da safe kawai muka ga ta fita daga guruf. Na kira ta ba ta ɗauka ba sai wajen azahar, muryarta a dishe, abin da ta ce min shi ne "Ƙanwata da kun gaya min akwai wuta a ciki ai da na ce ku karanta ni zan jira na wata mai zuwa." Shi ke nan, ba faɗa ba zagi. Wallahi da ta zage mu da ya fi min sauƙi.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai ɗan'uwanmu Kirista da iyayensa suka bar unguwar da aka haife shi a 2001 ba su sake komawa ba, shi abin da ya ƙona masa rai shi ne labarin ya jingina duk muguntar a ɓangare guda, ya rubuta hakan a guruf cikin ladabi, wani ya mayar masa da zafi, wani ya shigo da nasa lissafin na wa ya fara, kafin isha'i mutanen da suke shan shayi a kofi ɗaya sun koma jifan juna da shekarun rikici. Dole admin ya rufe guruf ɗin ya zama shi kaɗai ke iya magana. Zaman ƙarshen watan kujeru ne suka fi mutane yawa.

Da na tsare ƙanen namu sai cewa ya yi "ai Yaya na ɗauka haka zai ci gaba har ƙarshe." Na ɗauka! Wannan kalmar har yau tana min ciwo. Shi da aka haifa a garin nan ya fi kowa sanin in ka je kasuwar Farin Gada sayen buhun dankali ba na saman ake dubawa ba, sai an zazzage. Shafukan ɗanɗano an rubuta su ne don su sa ka biya, ba don su gaya maka abin da ke ciki ba, kuma ba laifi ba ne, sana'a ce. Laifin shi ne mutum ya ce na karanta alhali bai karanta ba, mutane su dogara da maganarsa su saka kuɗinsu da zuciyarsu. Ɗari biyar ɗin ba ta dame ni ba ko kaɗan.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa ba a karanta abin da ya taɓa rikici. Mun taɓa karanta Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan garin nan ne ma, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, a ciki akwai yarinyar da abin da ta gani a rikicin Jos yake bin ta har cikin barci. Anti tana wajen aka tattauna shi, har ta yi magana ranar. Bambancin shi ne an gaya wa kowa tun kafin a fara, mutum ya shiga da shirinsa, ya san ranar da zai karanta wajen da ranar da zai ajiye. Sannan shi wancan ciwon mutane ya ɗauka da muhimmanci, wannan kuwa ɗauko shi aka yi don a ƙara wa labarin fatalwa yaji. Littafin ban tsoro dama aikinsa ke nan ya zo maka ta inda ba ka zata ba, to shi ya sa shi ne ya fi kowane iri buƙatar wani ya riga kowa shiga ya dawo da bayani.

Yanzu dokarmu, kuma ni na dage a kanta har wasu na ganin na cika tsanani, mutum biyu ne za su karanta littafi daga farko har kalmar ƙarshe kafin ma ya shiga ƙuri'a, kuma ba wanda ya kawo shi kaɗai ba. Su rubuto ɗan gajeren bayani ba tare da sun fasa labarin ba, akwai gobara, akwai rikicin addini ko ƙabila, akwai fyaɗe, akwai mutuwar yaro, akwai shafar aljanu, iyakarsa ke nan. Wanda wani abu a ciki bai yi masa ba ya tura wa admin saƙo shi kaɗai, ba sai ya tsaya gaban mutane yana bayanin abin da ya faru da gidansu ba, don yawancin masu ciwon gaske ba za su taɓa ɗaga hannu a cikin taro ba, Anti ma da an yi tambayar a fili na tabbata shiru za ta yi. Littafin da marubucinsa bai gama rubutawa ba kuwa, wanda ake jiran sabon shafi kullum dare, ba ma ɗauka sam, tunda ba wanda ya san inda zai dosa.

Samarin ba su haƙura da ban tsoron ba, don haka bayan ƙura ta lafa muka ɗauki labarin Dakta Jekyll da Mista Hyde na Robert Louis Stevenson, na 1886. Gajere ne, a zama biyu ko uku ka gama, kyauta ne a intanet, waɗanda Turancin ya yi wa nauyi muka haɗa su da masu taimaka musu. Na ji daɗin zaman nan ƙwarai, tela ɗinmu da ba ya cika magana shi ya riƙe wajen yana cewa shi abin da ya hana shi barci ba Hyde ba ne, likitan ne mai mutunci da ya san abin da yake yi kuma ya ci gaba da shan maganin da ke mayar da shi mugun nan Hyde. Aka yi ta kai da kawowa har aka kira magariba ba a gama ba.

Anti ta dawo zaman ido da ido bayan mun je gida ni da admin mun ba ta haƙuri, amma guruf ɗin WhatsApp ta ce a bar ta tukuna, ni nake tura mata sunan littafin wata da bayaninsa daban. Ɗan'uwanmu Kiristan nan shi har yanzu bai dawo ba, ana dai gaisawa. Ƙanen namu kuma ya sake kawo wani littafin satin da ya wuce yana rantsuwa wannan karon ya gama shi, na ce ya kira ni ya ba ni labarin babi uku na ƙarshe da bakinsa, kuma ko ya bayar sai ni ma na karanta da kaina kafin ya shiga ƙuri'a.