Wata na bakwai: bas ta zama ɗaki, ni kuma na san dinya

'Yan'uwa masu koyon wannan sha'ani na kallon tsuntsaye, assalamu alaikum. Rabona da ba ku labari tun ƙarshen damina, lokacin da bas ɗin take zaune wurin mai walda, ba kujeru ba gado. To yanzu mun kwana huɗu a cikinta ni da Hajiya, biyu a bakin tafkin Kware, biyu a Argungu, kuma littafina ya kai tsuntsaye iri 41 da na tabbatar da idona. Da 42 ne, na goge ɗaya, zan zo kansa.

Ga wanda bai ji farkon zancen ba, shekara 35 na yi ina aikin malamin gona, yawanci a fadamun Gulbin Rima. Da na ajiye aiki garatuti ya yi ta jan ƙafa har na gaji da sintiri, da rabinsa ya fito sai na sayi tsohuwar Hiace da ta gama wahalar fasinja. Ɗana ne ya jawo mini, da ya nuna mini a waya yadda tsofaffin Amurka ke sayen mota mai gado da kicin da bayi, su yi ta yawon ƙasa suna kwana a filayen da aka tanada da famfo da wutar lantarki. Mu nan Sakkwato ba mu da irin filayen, kuma wannan ne abin da ban yi wa lissafi ba sai da na je Kware.

Aikin motar dai ba zan ja shi ba. An cire kujerun baya duka, kafinta ya kafa gadon katako da akwatuna a ƙarƙashi, aka sa katifa, aka ɗora farantin sola a rufi. Batirina bolt 12 ne mai amfiya 100, wato wajen wat 1200 na awa ɗaya, amma irin batirin nan mai ruwa ba a zuƙe shi ƙasa da rabi in ana son ya yi ƙarko, saboda haka 600 nake ƙirgawa. Ya ishi ƙaramar fanka da ƙwan fitila biyu da cajin waya har gari ya waye. Firji na haƙura da shi. Jarka biyu masu lita 25 sukan kai mu kwana biyu da alwala da shayi da girki, in ba a yi wanka da almubazzaranci ba. Kuskuren da na yi shi ne raga: na bari kafinta ya buga ta da ƙusa a jikin taga, kafin mu wuce Bodinga iska ta yage gefe ɗaya, sauron Argungu kuwa ba ya jiran gayyata. Ku sa gidan sauro a kan gadon kansa, ko da tagoginku na da raga. Sannan duk sanyin da hunturu zai yi, kada wanda ya shiga da kaskon gawayi ko ya kunna gas cikin mota a rufe. Hayaƙin da ke kisa ba ya wari. Mu a waje muke girki, a bayan mota inda iska ba ta bugowa.

Kware ba ta fi kilomita 20 daga gari ba, a kan hanyar Illela, shi ya sa na zaɓe ta don gwaji: in abu ya lalace, gida na kusa. Mun isa bayan la'asar, na sami wata inuwa kusa da wani ƙauye a gefen tafkin na faka, na rataya madubin hangen nesa a wuya na kama leƙe-leƙe. Ko minti ashirin ban yi ba sai ga samari biyar, biyu da sanduna. Babbansu ya yi sallama a taƙaice ya ce, "Baba, mi kaka dubawa da wanga abu? Wa ya aiko ka?" Na ce tsuntsaye nake kallo. Suka dubi juna. Ni ma da na ji amsar a bakina sai na ji ba ta shiga hankali. A wannan zamani da gabashin jiha ke fama da 'yan bindiga, baƙo da farar bas mai labule, yana hangen gari da wani ƙarfe mai ido biyu, ai ko ni ne zan kira shi infoma.

Gaban maigari aka kai ni, cikin mutunci dai, ba wanda ya taɓa ni. Na tuɓe takalmi na yi gaisuwa, na fiddo katin fansho da littafin da nake rubutu. Ya juya shafukan a hankali, ya ce in ba shi madubin. Aka nuna masa wata balbela a kan bayan saniya can nesa. Ya ɗora a ido, ya sauke, ya sake ɗorawa, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai da nan ka fara tahowa, da ba a yi haka ba." Na ce, "Ranka shi daɗe, laifina ne." Daren nan a ƙofar gidansa muka faka, aka aiko wa Hajiya da fura da nono, ita kuma ta shiga cikin gida ta yi hira har bayan isha'i. Tun daga ranar, duk tsarin tafiyata da waya yake farawa: wa na sani a garin, wa zai kai ni wurin maigari ko sarkin ruwa, kuma ina zan faka da izini. Goro da sabulu suna cikin akwatin mota kamar safaya da jak. Ba na tuƙi bayan la'asar sakaliya. Madatsar Goronyo tana raina ƙwarai, babban ruwa ne da aka gama ginawa a 1984, amma na ajiye ta sai hanya ta yi kyau.

Amfanin wannan mota duka bai wuce abu ɗaya ba: ka idar da sallar asuba kana bakin ruwa. Watanni na yi ina zuwa gadar Kwalkwalawa da hantsi a kan babur ina dawowa da balbela da hankaka da shirwa, ina cewa tsuntsaye sun ƙare a ƙasar nan. Ashe makara nake yi. A Kware, gari bai gama wayewa ba, hazo na kwance a kan ruwa, sai na ji fito daga sama, siriri, sau uku-uku, garken kirinjijiya ne ke dawowa daga kiwon dare. Suka sauka a tsibirin ciyawa suka miƙe wuya gaba ɗaya, fararen fuskoki a jere kamar an shafa musu alli. Zalɓe na tsaye a gefe bai ko motsa ba. Zakaran ƙeƙuwa kuwa tun da ya gan ni ya kama tsegumi, bai yi shiru ba sai da na zauna a ƙasa. Wanda ya fi cinye mini lokaci wani ne mai launin ƙasa-ƙasa da shuɗin goshi, yana takawa a kan ganyen bado da yatsu dogaye kamar tsinken tsintsiya, ganyen na ɗan nutsewa yana ɗaga ƙafa kafin ruwa ya rufe. A wurinsu namiji ne ke kwanci ya yi renon 'ya'ya. Da na gaya wa Hajiya ta ce a kawo shi unguwarmu ya yi wa'azi.

Madubina 8x42 ne, ma'ana yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42. Wanda hannunsa ya fara rawa irin nawa kada ya biye wa mai shago ya sayi mai lamba babba, hoton zai yi ta tsalle ne kawai.

Yanzu ga wanda na goge. A Argungu, kusan kilomita 100 daga Sakkwato, mun sauka gidan wani tsohon abokin aiki, shi ya haɗa ni da wani dattijo masunci. Ba Matan Fada muka je ba, inda ake bikin kamun kifin da aka fara a 1934, fadamar shinkafa muka bi ta ƙasa da gari. Can nesa na hango wani babba, baƙin baya, farin ciki, tsaye a kan dogayen ƙafafu. Ban yi wata-wata ba na rubuta shamuwa. Dattijon ya tambayi abin da na rubuta, da na faɗa sai ya ce, "Malam, shamuwa cikin ɗari? To maza ka koma gida ka yi shuka." Kunya ta kama ni, don malamin gona ne ya kamata ya fi kowa sanin cewa shamuwa da damina take zuwa, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, in ruwa ya ɗauke ta wuce gabashi da kudancin Afirka. Muka matsa ta kan kunya har muka yi kusa. Dinya ce. Baki ja mai faɗi irin na agwagwa, jiki jibgege, ko kusa ba ta da siririn bakin shamuwa. Launi na bi, ban dubi baki ba. Yanzu kafin in rubuta suna sai na rubuta abu uku: siffar baki, tsawon ƙafa, da abin da tsuntsun ke yi.

A fadamar nan na ga baƙin hunturu na gaske, ƙananan nan masu rawayar ciki da ke bin ƙafafun shanu suna kaɗa wutsiya, waɗanda daga Turai suke ƙetaro Sahara duk shekara. Na kuma ga jan-baki da yamma, garke kamar hayaƙi yana murɗawa a kan shinkafa, yara na kaɗa gwangwani suna ihu. Rabin rayuwata na yi ina rubuta rahoto a turo jirgin feshi a kansu. Ranar na tsaya baki buɗe ina kallo, sai na tuna mai gonar na tsaye kusa da ni, na maida fuska yadda ta kamata. Gauraka kuwa, da muna yara muke jin kukanta a fadama, har yau ban sa ta a ido ba, dattijon ma ya ce ya manta rabonsa da ita.

Jikata ta sa mini BirdLasser a waya, manhajar da ake amfani da ita wajen aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi, kana yin aƙalla awa biyu a ciki kana shigar da duk irin da ka gani. Manhajar ba ta san kirinjijiya da sunanta ba, don haka a littafi nake fara rubutawa da Hausa, da dare in zauna in daidaita da hotuna. Aikin na tafiya a hankali, amma kati biyu na tura, wato jerin tsuntsayen da na gani sau biyu.

Dausayin Haɗeja da Nguru shi ne babban buri, sai dai hanya ce ta kwanaki, kuma zafin Maris da Afrilu, da yake haura digiri 40, ba ya kwanuwa a cikin ƙarfe. Kafin nan akwai lagireto da ke ɗiga, ga raga da za a sake, wannan karon da firam. Hajiya ta ce ba ta sake shiga motar sai an yi mata wurin ajiye tukwane da ba za su yi ta ƙara ba tun daga Sakkwato har Argungu. Gobe da safe zan koma wurin kafinta.