Haƙoran Aksil da Ƙafar Direba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kukan da ya fi kawo direbobi garejinmu da ke Jega shi ne mota tana shan mai. Yawancinsu kafin su iso sun gama zagaye: an canja fulogi, an wanke injekta, wani ma an sauke masa inji. Amma ba wanda ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin motar ta baya. Mu kuwa nan ne sana'armu, aksil na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, da difarenshal, akwatin haƙoran da ke tsakiyarsa, na Hiace da Hilux da Dyna da Canter, har da tsofaffin Fijo da suka rage a hanya. Masu Golf da Sharon motocinsu da gaba suke ja, don haka zancen aksil bai shafe su ba, sai idan na zo kan ƙafar direba.

Farfela, wato dogon sandan ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, tana tasowa daga giyabos ta juya ƙaramin haƙori, wato finiyon, shi kuma ya juya babban faifai mai haƙora da muke kira kiraun, daga nan ƙarfi ya rabu zuwa tayoyi. Ka ƙirga haƙoran kiraun ka raba da na finiyon, lambar aksil ɗinka ke nan. Mai 41 da 10 yana ba da 4.1, sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Mai 41 da 9 yana ba da 4.56, mai 39 da 8 kuma 4.88. Ɗan kabu-kabun da ya taɓa canja siraket ɗin babur ɗinsa ya san zancen: babba na baya yana ƙara ƙarfin jan kaya, yana rage gudu.

Ɗauki Hiace biyu iri ɗaya, giya ɗaya, gudu ɗaya, sun miƙi hanyar Koko zuwa Yauri. Mai 4.88 injinta zai riƙa juyawa kusan kashi ɗaya cikin biyar fiye da na mai 4.1. Ba na cewa man ma zai ƙaru daidai da haka, amma yana ƙaruwa, kuma direba zai ji inji yana kuka kamar yana neman wata giyar da babu. Sai dai kada kowa ya ruga neman ƙaramar lamba. Hilux ɗin da ke fito da shinkafa daga fadama cikin rairayi da laka, ko motar da ke hawa da sauka a yankin Zuru da lodi, in ka sa mata 4.1 ka cuce ta. Inji zai riƙa nishi, direba ya danne totur ƙasa, ya zauna a giya ta uku, kuloci ya ƙone, man da ake gudun sha ya sha fiye da da. Shi ya sa kafin mu kwance ƙusa ko ɗaya sai na zaunar da mai mota: Alhaji, wace hanya take bi? Fasinja take ɗauka ko albasar Aliero? Wace irin taya ce a ƙafarta? Domin babbar taya ma tana canja lissafin, tamkar an rage lambar aksil ne.

Abin da ke ci min rai shi ne masu sayar da kayan gyara da ke ce wa direba “duk ɗaya ne, in dai ya shiga.” Shiga daban, dacewa daban. Kiraun da finiyon tare ake goge su a masana'anta har su saba da juna, ba a raba su. Amma sai a ɗauko kiraun na wata mota, finiyon na wata, a wanke da fetur su yi ƙyalli, a ce sabon sauka ne. Kafin wata ya zagayo aksil ya fara gurnani. Mafi muni a mota mai jan ƙafa huɗu: a sa mata 4.56 a baya alhali gabanta 4.1, ranar da aka sa ta a ƙafa huɗu kan ƙasa mai tauri gaba da baya su riƙa jayayya har wani abu ya karye. A wurinmu duk kayan da aka kawo sai an ƙirga haƙoransa a gaban mai mota, ɗaya bayan ɗaya, da alli.

Wannan ƙirgar a wurin maigidana na gaje ta, Allah Ya jiƙansa. A kan Fijo na koyi aiki, lokacin 504 da ake haɗawa a Kaduna ta cika hanya, ga kuma sauran 404 masu faifan tagulla a aksil, waɗanda ba kowane bakanike ke yarda ya taɓa ba. Ba ya barin yaro ya rufe difarenshal sai an shafa fenti a haƙoran kiraun, an juya, an ga inda finiyon yake taka su. In tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, madalla. In ya karkata gefe ko baki, sai ya ce, “Yaro, kwance, ka sake washa.” Ko magariba ta gabato ba ya sassautawa. Har yau haka nake yi, sai dai yanzu da agogon awo. Ɗan wasan da ake bari tsakanin haƙoran Hilux bai kai milimita 0.2 ba. In ya matse, aksil ya yi zafi ya riƙe mota. In ya saki, ka ji ƙwas duk lokacin da aka taka totur. Kuma man giya na gaske muke zubawa, mai lambar GL-5. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda wasu ke ɗurawa don araha, ba ya shiga aksil ɗin da ya bi ta hannuna.

To amma ko na daidaita aksil yadda ya kamata, ƙafar direba tana iya rushe aikin. Iskar da ke tokare mota ba a hankali take ƙaruwa ba: wadda ke gudun kilomita 120 tana turin iska kusan ninki biyu na wadda ke 90, balle an ɗaure kaya a saman rufi. Ga masu fizgar mota daga tasha, su taka totur har bakin shingen bincike sannan su danne birki. Duk man da ya tara wannan gudun ya tafi a zafin birki. Ga barin inji a kunne ana lodi, da taya marar isasshiyar iska.

Sai ɗabi'ar sa firi, wato cire mota daga giya, a gangara, wadda nake roƙon direbobinmu su bari. A mota mai injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa, kwamfutarta da kanta take yanke mai. A firi kuwa inji yana ci gaba da sha don kada ya mutu. Wanda ke kashe inji gaba ɗaya ya fi shiga haɗari, domin bayan taku kaɗan birki zai yi tauri, ga rayukan mutane a bayansa.

Wasu in na faɗi kuɗin aiki sai su ce can an yi musu rabin haka. Wanda ya yi rabin bai shafa fenti ba, bai auna komai ba, ɗaurewa kawai ya yi. Duba lambar aksil dai ba ma karɓar ko sisi: mu ɗaga taya ɗaya, mu juya ta sau biyu, mu ƙirga juyin farfela. Mai zuwa ya cika tanki tukuna, ya rubuta kilomitar da agogo ya nuna, in ya sake cikawa ya rubuta lita nawa ta sha, ya zo mana da takardar. Muna buɗewa bayan sallar asuba, ranar Juma'a kuma muna tashi kafin masallaci.