Aikin Raba Dattijai da Zarda a Gabashin Landan

Na yi aikin taimaka wa masu son barin taba a Tower Hamlets da ke gabashin Landan, inda 'yan asalin Bangladesh, galibinsu daga yankin Sylhet, suka fi kowace al'umma yawa. A kan sigari aka fi horar da mu, kuma da dalili, domin binciken lafiya na Ingila na 2004 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na mazansu suna sha. Sai dai binciken ya kuma nuna kashi 16 cikin ɗari na matansu suna tauna taba, kuma waɗannan mata ne suka fi cin lokacina.

Abin da suke taunawa shi ne paan, wato ganyen wani tsiro mai suna betel da ake shafa wa kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa, a zuba yankakken ƙwallon supari, 'ya'yan wata bishiya dangin kwakwa, a barbaɗa zarda, wadda ita ce tabar, sannan a naɗe a cusa a kumatu. Matsayinsa a gidajensu kamar na goro ne a wurinmu, domin baƙo ba ya tashi ba a miƙo masa faranti ba. Na'urar da muke sa mutum ya hura don auna iskar hayaƙi ba ta nuna komai ga mai tauna taba, saboda haka sai a tambaye ta kai tsaye, ko a gwada miyaunta.

Wata dattijuwa da surukarta ta kawo ta ce mini ciwon haƙori ne ya sa ta fara tun tana amarya. Na ce, "Khala (wato inna a harshensu), don Allah buɗe bakin in gani." Yatsu biyu da ƙyar suka shiga tsakanin haƙoranta, domin fatar cikin kumatunta ta yi tauri ta koɗe, cutar da supari ke haddasawa, wadda kan iya rikiɗewa ta zama sankarar baki. A ranar muka tura ta wurin likitan haƙori.

A ganina, wanda ya ce wa irin wannan baiwar Allah ta jefar da farantin paan rana ɗaya ya yi asarar bakinsa, domin da shi take karrama ƙawayenta. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne a fara cire zarda, a maye gurbinta da filastar nikotin ko alewarsa ta tsotsa, tunda cingam ɗin nikotin yana wahalar da masu haƙoran roba. Wannan mataki na farko ne kawai, domin hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya supari kansa, ko babu taba, cikin masu jawo sankara. Na kuma koyi jawo mai naɗa paan ɗin cikin maganar, wadda sau da yawa suruka ce ko 'ya, saboda a hannunta gwangwanin zarda yake.

Watan azumi ya fi kowane lokaci albarka a aikin, tunda bakin ya riga ya saba da haƙuri daga asuba zuwa magariba. Wahalar tana zuwa ne bayan buɗa-baki, lokacin da farantin ke zagayawa, saboda haka a wannan sa'ar muke shirya wa kowacce alewar nikotin da 'yan ƙwayoyin kadamom, wani kayan ƙamshi, da za ta tauna.