Waken da ba ya tsoron bincike

Sitonmu yana Tudun Hatsi a Gombe. Muna sayen wake daga manoman Kumo, Dukku da Bajoga, mu gyara shi, mu adana, mu sayar. Wani lokaci harka takan kai mu har Maigatari ta Jigawa, bakin iyakar Nijar, inda kasuwa ke ci ranar Alhamis. Garin ba shi da girma, amma duk kayan gona da dabbar da za su tsallaka iyaka akwai masu jiransu: jami'an hukumar NAQS, masu duba lafiyar tsirrai da dabbobi. Sukan buɗe buhu, su duba ƙwaro da ruɓa, su nemi takardar shaidar lafiyar kaya.

Direbobi da yawa na ƙorafin ɓata lokaci. Ni kam ina ganin amfanin shingen nan, don na san abin da ake zubawa cikin buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Masu neman kuɗin gaggawa ne suka jawo mana, kuma har yau ba su daina ba. Mutum ya sayi wake da ɗanyensa, ya yayyafa guba, ya ɗinke baki, ya karya farashi. Sai mai saye ya zo wurina yana cewa, "Alhaji, can ya fi sauƙi." To, abin da za ka dafa wa 'ya'yanka ne fa!

A hannun kawuna, Allah ya jiƙansa, na koyi sanin wake. Yakan cusa hannu har gwiwa cikin buhu. In ya ji ɗumi, ya ce da sauran danshi. Sai ya ɗauki ƙwaya ya ciza. Busasshe yakan fashe ƙas, wanda bai bushe ba kuwa haƙori ke nutsewa ciki. Daga nan ya shinshina tafin hannunsa, don warin magani ba ya ɓuya. Sai da na daɗe ina sheƙa da tsince tsakuwa kafin ya yarda na taɓa mudu.

Haka muke yi har gobe. Mu shanya a kan tamfol, mu sheƙe, mu tsince, sannan mu zuba a buhun PICS, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Leda biyu ce a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa, babu ko ɗigon magani. Shi ma an fara kwaikwayonsa da leda sirara mai saurin hujewa, shi ya sa nake hura kowace leda in matsa kafin a zuba.

Muna da kanannado, farin wake manya da ja. Wanda ya zo sito, shi zai nuna buhun da za a kwance masa, ya ciza, ya shinshina, sannan mu yi ciniki.