Billen Kaka da manhaja ta goge

Duk shekara, kwana uku bayan babbar Sallah, zuriyar kakanmu kan haɗu a gidan gado a yi taron zumunci. Bara sai aka ce a buga bana mai ɗauke da hoton marigayin, faɗi ƙafa 4 tsayi ƙafa 6, a kuma wanke wani mai inci 16 da 24 a sa a firam a kai wa Goggo, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. Da yake ni ne mai ɗan taɓa zane a kwamfuta, su katin biki da fostar saukar Alƙur'ani, ko shawara ba a yi da ni ba. Na wayi gari kawai na ga an rubuta a zauren WhatsApp na dangi cewa aikin yana hannuna.

Hoton da aka turo mini ya sha hannu. Wani ne ya ɗauki tsohon hoton da wayarsa, ya tura wa wani, wanin ya tura gaba, har ya iso gare ni. Da na yanke gefe-gefen da ba a buƙata, abin da ya rage fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 800 ne a faɗi, 1,200 a tsayi. A fuskar waya ras yake, ba ka ganin aibinsa. Na buɗe CorelDRAW, na kama kusurwar hoton na ja har ya cika ƙafa shidan. Kafin nan ma na yi wata dabara da na ɗauka wayo ce: na shiga Photoshop na goge 72 da ke rubuce a gurbin yawan ɗigo a kowane inci, na rubuta 300, don na sha jin ana cewa 300 ake so a bugu. Na zuba a filashi na nufi wani shagon buga bana a Sabon Gari.

Mai injin ya buɗe, ya duba bai fi daƙiƙa biyar ba, ya ce, "Malam, wannan hoton zai fashe."

Na ce, "Haba Oga, ai na mai da shi 300."

Bai yi musu da ni ba. Ya jawo fuskar Kaka zuwa ainihin girman da za ta fito a fileks, wato ledar da ake buga bana a kai, ya juyo mini da allon. Ido ya zama wani baƙin dunƙule, gemu ya koma kamar an shafa toka da yatsa. Ya ce in ina so zai buga, kuɗina ne, amma kar in dawo in ce injinsa ne.

A daren na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Hoton kwamfuta ƙananan murabba'ai ne jere, kamar tabarmar da aka saƙa da kaba mai launi, kowane murabba'i shi ne fiksel. Ƙafa 4 inci 48 ke nan. In ka raba fiksel 800 a kan inci 48, kowane inci zai samu kusan 17. Na firam ɗin Goggo kuwa, 800 a kan inci 16, zai samu 50. Canza lamba daga 72 zuwa 300 bai ƙara ko gashin gira ɗaya a hoton ba, kamar ka ɗauki mudu ɗaya na gero ka rubuta "buhu" a jikin kwanon ne.

Amma a cikin lissafin na tsinci abin da ya kwantar mini da hankali kaɗan. Ashe 300 ɗin nan da ake ta faɗa na hoton da ake riƙewa a hannu ne, a kalle shi daga tazarar kamar ƙafa ɗaya. Iya ƙanƙantar abin da lafiyayyen ido ke rarrabewa a wannan tazara ke nan. Da zarar ka ja da baya, buƙatar sai ta ragu. Daga mita ɗaya, wajen 90 ya isa. Daga mita biyu, wajen 45. Daga mita biyar, 17 ɗin nan tawa ma ta kusa wadatarwa, shi ya sa manyan allunan talla na bakin titi suke fitowa tas daga cikin mota, in ka hau ka matsa kusa kuwa sai ka ga ɗigo kamar ƙwayar wake. Matsalata ita ce mutanenmu ba sa tsayawa nesa da bana. Kowa sai ya jingina da ita ya ɗauki hoto. Firam ɗin kuma a ɗakin Goggo zai zauna, inda daga bakin gado zuwa bango taku biyu ne.

Daga nan na shiga farautar manhaja, na kwashe kusan mako biyu. Da na gwada su da yawa sai na lura gida biyu ne kawai, ko da sunayensu sun kai ashirin.

Gidan farko na masu lissafi ne. Manhaja ta dubi fiksel maƙwabta, ta ƙirƙiro na tsakiya mai launin da ke tsakaninsu. Haka Bicubic na Photoshop yake yi, haka Cubic da NoHalo na GIMP, haka Lanczos da ke cikin IrfanView, 'yar ƙaramar manhajar nan da ko tsohuwar kwamfuta ba ta jin nauyinta. GIMP kyauta ce, ba ka biyan ko sisi. A wannan gida akwai wata tsohuwa da masu wanke manyan hotuna suka daɗe suna yabo tun shekarun 1990, Genuine Fractals, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa Perfect Resize, sannan ON1 Resize. Abin da na samu daga wannan hanya duk kusan ɗaya ne: murabba'an sun ɓace, hoton ya yi sumul, amma dishi-dishi, kamar kana kallon mutum ta gilashin mota da hazon hunturu ya lulluɓe. Ba su ƙara komai ba, ba su kuma yi ƙarya ba. A lokacin ban san darajar wannan na biyun ba.

Gida na biyu na masu ƙirƙirarriyar basira ne. Waɗannan an horar da su da tarin hotuna, an nuna musu yadda ido da gashi da saƙar tufafi suke kama in hoto ya fito sosai, don haka in suka ga dishi-dishi sai su yi hasashen abin da ya kamata ya kasance a wurin, su zana shi. Gigapixel na kamfanin Topaz ya fito a 2018, a lokacin yana iya ninka hoto har sau 6. Adobe ta kawo Super Resolution a 2021, mai ninka faɗi biyu da tsayi biyu, wato fiksel sau huɗu. Akwai Upscayl, kyauta, amma tana son kwamfuta mai katin zane mai ɗan ƙarfi. Na kuɗin da dala ake biya, wasu ma duk wata, kuma wanda ke aikin katin biki a Zariya ya san abin da hakan ke nufi ga aljihunsa. Sai kuma na waya da na shafukan intanet, da ba su ƙirguwa.

Wata daga cikin na wayar ce ta sace mini zuciya. Na ɗora hoton, ban gama kurɓar shayi ba ta fito da wani dattijo kyakkyawa, ido tar, gemu ana ƙirga silinsa ɗaya-ɗaya, fata sumul. Wallahi sai da na yi kabbara. Na wanke shi a takarda A4, washegari na hau mashin na kai wa Goggo, ina jiran a sa mini albarka.

Ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan wane ne?"

Na ce, "Goggo, Kaka ne mana. Gyara shi na yi."

Ta ce, "Rigar tasa ce. Amma ina billensa? Baba yana da bille a kumatun hagu. Kuma idon nan ba nasa ba ne, nasa na dama ya ɗan kanne tun yana yaro."

Ni ban taɓa ganin Kaka ba, ya rasu kafin a haife ni. Na koma gida na jera hotunan biyu gefe da gefe, sai ga shi: a cikin mai dishi-dishin akwai wani siririn duhu a kumatu, wanda manhajar ta ɗauka ƙarcewa ce ko datti, ta share. Ta daidaita idanun biyu, ta ɗan haska fatar, ta miƙe hancin. Da na duba ƙirjin babbar rigar sai abin ya ƙara ba ni haushi. Aikin aska takwas ne, wanda duk wanda ya tashi a Zariya zai gane daga nesa, amma ta mai da shi wasu lanƙwashe-lanƙwashe marasa kan gado, masu kyau a ido, waɗanda babu maɗinkin da ya taɓa ɗinka irinsu. Na sake gwadawa da wata ta kwamfuta, na rage ƙarfin gyaran fuska. Ta bar rabin billen, ta mai da shi kamar tamoji. Abin da manhaja ba ta saba gani a hotunan da aka horar da ita da su ba, kuskure take ɗaukarsa, kuma tsagar gado da ɗinkin hannu na ƙasar Hausa da alama ba su cika yawa a can ba.

Goggo ce ta warware matsalar, ba tare da ta san mene ne fiksel ba. Ta ce ai ainihin hoton yana nan a ƙauye, cikin akwatin ƙarfen wata matar Kaka da ke raye. Ranar Asabar na tafi. Tsohuwar ta fito da shi daga cikin wani littafi, naɗe a leda, baƙi da fari, bai fi tafin hannu ba: inci 3 da rabi a faɗi, 5 da rabi a tsayi. Sai da na yi alkawarin dawo da shi kafin Juma'a, na kuma bar mata goro, kafin ta sake shi.

Na sa shi a sikana a kan ɗigo 1,200 kowane inci, ya ba ni fiksel 4,200 da 6,600. Kar a ruɗe, takardar hoto ba ta riƙe bayani mai yawan haka, abin da ke cikinta da wuya ya wuce na ɗigo 300. Amfanin ɗauka da yawa shi ne in an faɗaɗa, ƙwayar takardar ce za ta fito, mai laushi irin na tsohon hoto, maimakon murabba'ai. Na ɗauke shi da launi duk da baƙi da fari ne, saboda tabon ruwan da ke gefe ya fi sauƙin cirewa haka. Na adana shi a nau'in fayil ɗin hoto na TIFF, don nau'in JPEG da aka saba da shi duk sa'ad da ka gyara ka sake adanawa sai ya zubar da wani abu. Sannan na sake lissafi. A firam ɗin Goggo kowane inci zai samu sama da 260. A bana zai samu 87. Mako biyu ina neman manhajar ƙara girma, ashe aikin ba ya ma buƙatarta. GIMP na yi amfani da ita na share ƙura da hannu, ɗigo bayan ɗigo, ina kaffa-kaffa da kumatun hagu, na ɗan ƙara kaifi a ƙarshe bayan na saita girman.

Ban yar da masu basirar ba, kar a ce na yi musu butulci. Bayan wannan aikin na faɗaɗa hoton wani shago da na wata gona da su, sun fito da kyau ƙwarai, don babu wanda zai zo ya ce wannan ganyen masarar ba shi ba ne. Hoton waya mai megafiksel 12, wato 4,000 da 3,000, in na ninka shi biyu da su yakan isa fosta babba ba tare da an ga alama ba. Amma ninki biyu nake tsayawa, in akwai fuskar mutum kuma ina kashe gyaran fuskar gaba ɗaya, in jera da na asali in duba ido, haƙori, tsaga da hula. Rubutu da tambari kuwa ba na ba kowace manhaja, sake rubuta su nake a CorelDRAW, inda ko za a ja su su kai bangon gida ba sa fashewa. Duk mai kawo mini aiki yanzu tambayar farko da nake masa ita ce ina hoton ya fito, wa ya ɗauka, yana da shi har yanzu a wayarsa? In yana da shi, a turo mini a matsayin fayil, don turawa ta yau da kullum matse hoto take yi saboda a rage cin data. Da na san wannan tun farko da ban sha rana ba.

Da na koma shagon, ban ce a buga duka ba. Na yanko fuskar kaɗai a ainihin girmanta, na biya kuɗin ƙafa ɗaya, aka buga a ƙyallen fileks. Muka manna a bango, na tsaya kusa, na ja baya taku uku, na sake matsowa. Ya ɗan yi duhu fiye da yadda yake a allo, abin da mai injin ya ce kullum haka ne, allo haske yake fitarwa, fileks kuwa tawada ce. Na ƙara haske kaɗan, muka sake ƙafa ɗaya, sannan aka saki injin.

Ranar taron Goggo ta sa aka kawo mata kujera gaban banar. Hoton bai kai na manhajar kaifi ba, gemun ba a ƙirga silinsa, amma billen na nan, tsawonsa ya kai ɗan yatsa. Ta kira jikoki tana nuna musu, tana ba su labarin wanzamin da ya yi shi. Wancan kyakkyawan dattijon kuwa, tun kafin in kai wa Goggo na riga na tura shi zauren dangi don a yaba mini, kuma wani ƙanena ya ɗora shi a fuskar WhatsApp ɗinsa. Na yi masa magana sau biyu, ya ce shi dai wannan ya fi masa kyau. Goggo ta ce a bar ta da shi, zai zo gaishe ta da azumi.